Tanadin Kullum da Zancen "Da Na Samu"

  

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wata hira ce da aka yi a zaurena daren jiya bayan sallar lisha. Akwai waɗansu 'yan kasuwa da ke zuwa ɗaukar karatun Risala wurina in sun rufe rumfunansu. Da muka shafa fatiha, sai ɗayansu ya kawo labarin wani mutum da hanya ta bi ta gonarsa, aka biya shi diyya mai kauri. Nan da nan zaure ya ɗauki zance, kowa yana faɗin abin da zai yi da shi ne ya samu. Wani ya ce shi sai Makka da shi da mahaifiyarsa. Wani ya ce babbar mota zai saya ta riƙa ɗauko masa kaya daga Ikko. Wani ya ce zai gina masallaci mai hasumiya a unguwarsu, wani kuwa ya yi murmushi ya ce shi dai a bar shi da abin da ke ransa, jama'a suka fashe da dariya don an gane ƙarin aure yake nufi.

Na ƙyale su har suka gama rabon dukiyar da ba ta zo ba. Sa'an nan na ce, "To, Alhazai, ina da tambaya guda. Cikin cinikin da kowannenku ya yi yau, nawa ya keɓe ya ajiye?" Zaure ya yi tsit. Cikin mutum bakwai, ɗaya kaɗai ya iya faɗin adadi. Ni kuwa ban yi musu dariya ba, gama na taɓa zama a inda suke zaune, kamar yadda za ku ji a gaba.

Matsalar da nake so mu duba ita ce wannan: hannun da zai riƙe miliyan gobe shi ne hannun da ke riƙe da ɗari biyu yau. In yana yoyo yau, ranar da babban rabo ya zo yoyon zai ƙaru gwargwadon abin da aka zuba masa.

Fasali na farko: abin da ido ya gani

Dattawanmu ba su manta da shekarar Udoji ba. A zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, sa'ad da kuɗin man fetur suka fara kwararowa, an naɗa wani kwamiti a ƙarƙashin Jerome Udoji don ya duba aikin gwamnati da albashin ma'aikata. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a 1974. Da shekarar 1975 ta kama, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, aka kuma haɗa musu da bashin watannin baya tun daga Afrilun 1974, aka danƙa musu a dunƙule. Akawu da masinja da malamin makaranta, kowa ya wayi gari da kuɗin da bai taɓa riƙe irinsu ba.

Ni ina ƙaramin yaro a lokacin, amma mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labari. Ya ce kantuna suka cika maƙil, ana wawar rediyo da babur da agogo da gadon ƙarfe, aka yi ta ɗaura aure. 'Yan kasuwa kuwa da suka ga kuɗi sun yi yawa a hannun mutane, sai kowa ya ƙara wa kayansa kuɗi, har tsadar kaya a shekarar ta haura kashi 30 cikin 100. Manomi da almajiri da ba su karɓi ko kwabo ba, su ma tsadar ta same su. Kafin shekara ta kewayo, da yawa cikin waɗanda suka karɓa sun koma cin bashin mai kanti kamar dā. Waɗanda suka amfana su ne 'yan kaɗan da suka sayi fili, ko suka yi wa gidansu rufin kwano, kuma in ka bincika za ka tarar tun kafin Udoji mutane ne masu tattali.

Kada wani ya ce ina tona asirin mutanen dā ina rufe nawa. Shekaru goma sha biyar da suka wuce gari ya cim ma gonar mahaifinmu, magada suka yarda a sayar, aka raba bisa ƙa'ida. Rabona ya zo naira 900,000, kuɗi masu yawa ƙwarai ga malamin allo a wancan lokaci. Shekara da shekaru ina cewa, da na samu, abu na farko shi ne in gyara rufin zauren da almajirai ke kwana, don duk damina sai mun tara kwanoni muna tarar ruwa. To, kuɗi suka zo. Na sayi babur sabo, na ɗinka manyan riguna, na yi walimar da ba wanda ya tambaye ni ita. 'Yan'uwa suka yi ta sallama, ni kuwa kunya ta hana ni cewa babu. Wani aminina ya karɓi kashi ɗaya cikin uku zai juya mana a fataucin hatsi, ban rubuta ba, ban kafa shaida ba, alhali ni ne mai karantar da yara ayar nan mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni da rubuta bashi. Har yau ban ga uwa ba, balle riba.

Wata bakwai ya cika, damina ta sauka, sai ga ni ina jera kwanoni a zaure kamar bara. Abin da ya tsira daga dukiyar nan tumaki biyu ne da mai ɗakina ta matsa mini lamba na saya mata tun makon farko, ina ta yi mata tsiya. Daga zuriyarsu muke yin layya har yau, daga cikinsu kuma aka yi wa 'yarmu ta fari kayan ɗaki.

Fasali na biyu: wanda ya fara da kaɗan

A gwada wannan da labarin Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, wata tsohuwa mai suna Tata ta rene shi, daga sunanta ne ma ya sami laƙabinsa. Ya yi karatun allo kamar yaran da ke gabanmu yau, ya yi ƙananan saye da sayarwa, kana ya bi hanyar Gwanja yana fataucin goro. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyada ya buɗe, kamfanonin Turawa suka zo suna neman mai saya musu. Wannan babban rabo ne da ya sauko wa ƙasar Kano gaba ɗaya, kuma mutane da yawa sun sami kuɗi a cikinsa. Amma da aka zo neman wanda za a ba amana, sai aka nemi wanda ya riga ya tara jari da sanin hanya da mutanen da suka yarda da shi. Masu tarihi suna faɗin cewa da aka buɗe banki a Kano a 1929, raƙuma 20 ne suka ɗauko masa tsabar azurfa zuwa ajiya. Duk da haka an san shi da sauƙin ci da sauƙin tufafi.

Abin lura a nan, damar gyada ta sami kowa a kasuwa guda, amma ta zauna ne wurin wanda ya saba riƙo tun yana ƙirga anini. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Fasali na uku: ko tanadi yana rushe tawakkali?

Na san wani almajiri zai ce, "Allah gafarta malam, ashe ba Allah ne ke ciyarwa ba? Me ya kai mu ajiyar abin gobe?" Amsa ita ce, Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata gare shi, shi ya ba mutanen Masar shawarar su yi noma shekara bakwai, su bar hatsin a zangarniyarsa ban da ɗan abin da za su ci, don shekaru bakwai na fari da ke tafe. Ya kuma tabbata cikin ingantattun hadisai cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya kan keɓe wa iyalinsa abincin shekara. Wane ne a cikinmu ya fi su dogara ga Allah?

Abin da shari'a ta zarga shi ne rowa, watau mutum ya hana hakkin da ya wajaba a kansa, na iyali ko na zakka ko na maƙwabci mai yunwa. Ta kuma zargi almubazzaranci. Alƙur'ani ya yabi masu bin tsakani a wajen ciyarwa, a Suratul Isra'i da Suratul Furƙani. Saboda haka wanda ya ƙuntata wa iyalinsa cefane don asusu ya cika, ya yi zalunci, ba shi muke yabo ba. Tattali shi ne ka ba kowane mai hakki hakkinsa, sa'an nan ka toshe ƙofofin da kuɗi ke fita ba da saninka ba.

Fasali na huɗu: hanyoyin tanadin kullum

Farkon abu ga ɗan kasuwa shi ne ya raba uwar kuɗi da riba. Da yawa cikinmu aljihu guda muke zuba su, a ciki ake cefane, a ciki ake ba maroƙi, har ranar da za a koma sari a tarar jari ya rame ba a san inda ya tafi ba. Ka sami ɗan littafi, ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kowace yamma. Wanda ya iya ajami ba shi da uzuri, gama da shi kakanninmu suka riƙa rubuta lissafin fataucinsu. Ka yi haka mako biyu kawai, za ka yi mamakin abin da katin waya da shayin dare da hawan babur zuwa inda ƙafa za ta iya kai ka suke ci.

Na biyu, ka cire abin ajiya tun da fari, kada ka jira ragowa, don kuɗi ba su san ragowa ba. Ga lissafi mai sauƙi. Shekarar Hijira kwana 354 ce. Wanda ya jefa naira 200 a asusu kullum, watau abin da iyayenmu ke kira jaka guda, zai fasa ya tarar da naira 70,800, abin da ya ɗara mafi ƙarancin albashin wata da gwamnatin tarayya ta tsayar a 2024, naira 70,000. Wanda ya iya 500 kullum zai tarar da 177,000. Da yayyafi kogi kan cika.

Na uku, adashi. Mutum goma suna zuba 5,000 kowane mako, kowa in kwasarsa ta zo ya ɗauki 50,000, ba ƙari ba ragi. Amfaninsa shi ne kunyar abokan zubi tana tilasta maka abin da zuciyarka ba za ta tilasta maka ba. Sharaɗinsa a san uwar adashi da amana, a rubuta sunaye da ranar kwasar kowa, kuma tun kafin kwasarka ta zo ka san abin da za ka yi da ita. Masu zagayawa rumfa rumfa suna karɓar zubin kullum, su kan ɗauki zubin kwana guda a wata ladan aikinsu. Wannan ma hanya ce, muddin an san gidan mutum da asalinsa.

Amma fa akwai tanbihi babba. Takardar kuɗi ba ta kwana da ƙarfinta a wannan zamani. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni na shekarar, dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024, tsadar kaya kuma ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen shekarar. Ma'ana, wanda ya binne dubu ɗari a tukunya, ya tono ta bayan shekara, adadinta na nan amma abin da za ta saya ya ragu ƙwarai. Ga kuma canjin kuɗi. A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira, ta ba da 'yan kwanaki kaɗan a canza. Ina almajiri a lokacin, na ga tsofaffi suna kuka a bakin banki da ƙunshin kuɗi a hannu. Haka kuma a ƙarshen 2022 aka fito da sababbin takardun 200 da 500 da 1,000, aka sha wahalar rashin tsabar kuɗi a farkon 2023, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin.

Don haka asusu wurin tarawa ne na ɗan lokaci. In abin ya taru, a mai da shi wani abu mai riƙe daraja. Tunkiya ko akuya tana haihuwa. Hatsi da wake in an saya da kaka, aka adana su da kyau cikin buhun nan mai ninki uku da iska ba ta shiga, sun tsare gida daga tsadar bazara. Sai dai a kiyaye, ajiyar abincin gida daban, ɓoye abinci lokacin da jama'a ke cikin matsi don farashi ya hau daban, wannan na biyun shi ne ihtikari da aka hana. Mata kuwa tun dā sun san sirrin 'yan kunnen zinariya. Wanda ke gudun banki saboda riba, yanzu akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Mai niyyar Makka kuma, hukumar alhazai ta ƙasa ta buɗe shirin adashin aikin hajji a 2020, inda mutum ke zubawa sannu a hankali. Kujerar hajji ta haura naira miliyan 8 a 2025, to wanda ke jiran ta faɗo masa dare ɗaya, jiransa zai yi tsawo.

Fasali na biyar: masu farautar mai mafarki

Zancen "da na samu" in ya tsaya a hirar zaure ba laifi, ɗan Adam ba ya rabuwa da buri. Haɗarinsa shi ne in ya zauna a zuciya, har mutum ya raina ɗan abin da ke hannunsa. Daga nan ne mayaudara ke shigowa. Mun ga MMM, wadda ta yi wa mutane alkawarin ƙarin kashi 30 cikin 100 a wata, ta kulle kuɗinsu a Disambar 2016. Ba a ɗauki darasi ba, sai ga CBEX ta rufe da dukiyar jama'a a Afrilun 2025. Dabararsu guda ce: kuɗin wanda ya shigo yau ake biyan wanda ya shigo jiya, ranar da masu shigowa suka ragu sai a nemi masu kamfani a rasa. Kai ɗan kasuwa, ka san abin da buhun shinkafa ke bari in an sayar. Wace sana'a ce za ta ninka kuɗi cikin wata guda, mai ita kuma ya rasa wanda zai ba sai kai?

Ga cacar ƙwallo da ta shigo cikin wayoyin samarinmu, har yaron shago yana taɓa jarin maigidansa yana cewa gobe zai ci ya mayar. Ita caca haramun ce da nassi, ko an ci ko ba a ci ba. Kuma wajibi ne in faɗi abin da ya shafe mu, mu masu rawani. Akwai masu shigar malamai suna cewa a kawo kuɗi su yi addu'a su ninka, ko su haɗa mutum da aljanin da zai kawo masa dukiya. Wanda ya iya ninka kuɗi, me zai yi da naka? Malaman ƙwarai su riƙa faɗin wannan a wurin karatu da wa'azi, gama sunanmu ake ɓatawa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Fasali na shida: in Allah ya kawo da gaske

To, babban rabo yakan zo, ta gado ko diyya ko kyauta ko kasuwa ta yi kyau ba zato. Ga tsarin da nake ba da shawara, wanda na koya bayan na sha kashi.

Da fari a tabbata halal ne. In gado ne, ba a raba shi sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashin mamaci, an zartar da wasiyyarsa wadda ba ta wuce sulusi ba, kuma kada a danne rabon mata da marayu. In tsintuwa ce mai daraja, hukuncinta cigiya har shekara. In kuɗi ne suka faɗo cikin asusunka na banki bisa kuskure, amana ce, sai a mayar wa mai su.

Na biyu, ka kame bakinka, ka kame hannunka. Ka ba kanka kwana 40 ba ka sayi kome ba ban da abin da ya zama lalle. Zuciya tana da zafi a makon farko, kuma a makon ne masu kawo shawarar kasuwanci suka fi yawa.

Na uku, ka biya bashin da ke kanka kaf, tun daga na mai kanti har sauran sadaki in akwai.

Na huɗu, ka san hukuncin zakka. A mazhabarmu ta Malikiyya, dukiyar da ta zo ta gado ko kyauta, wadda malamai ke kira fa'ida, ana ƙirga mata shekara ne daga ranar da ta shiga hannu, amma ribar kasuwanci tana bin shekarar uwar kuɗinta. Nisabi shi ne misƙali 20 na zinariya, kimanin giram 85, ko dirhami 200 na azurfa, abin fitarwa kuwa ɗaya cikin arba'in. Ka rubuta ranar da kuɗin suka zo, don kada shekara ta cika ba ka sani ba.

Na biyar, ka yi abin nan da ka daɗe kana cewa za ka yi in ka samu, tun kafin sababbin buƙatu su taso su ture shi. In rufin ɗaki ne, a yi rufin. In abincin shekara ne, a auna a ajiye.

Na shida, ka yanke wa 'yan'uwa da mabukata kaso sananne, ka ba su da hannunka da farin ciki tun ba su roƙa ba. In ya ƙare ka ce ya ƙare. Sada zumunci wajibi ne, amma ba a ce ka tsiyata kanka har gobe kai ma ka koma roƙonsu ba.

Abin da ya saura ka sa shi cikin sana'ar da ka sani. Mai sayar da yadi kada ya zuba dukiyarsa a motar haya don ya ji ana samu. In kuwa za ka ba wani ya juya, a rubuta, a kafa shaidu, a faɗi rabon riba tun da fari kamar yadda babin ƙirali ya tsara, ko da ɗan'uwanka ne ciki ɗaya.

Kafin mu watse daren jiya, mutanen zaurena sun yi shawara a tsakaninsu. Sun sa kafinta ya ƙera musu akwatin katako mai ƙaramar kafa, kowa zai riƙa jefa abin da ya sawwaƙa duk daren da ya zo karatu, ba za a fasa ba sai watan Sha'aban, don sayen hatsin azumi. Mai son gina masallaci mai hasumiya shi ya fara jefa naira 500, ya ce a bar hasumiya tukuna, buta goma zai fara saya wa masallacin unguwarsu ran Juma'a. Na ce masa, Alhaji, ai ka fara ginin ke nan.

Kai ma mai karatu, yau in ka rufe rumfa ko ka sallami almajirai, ka ƙirga abin da ya shigo, ka keɓe wani abu kome ƙanƙantarsa kafin ka shiga gida. Allah ya ba mu arziki na halal, ya sa masa albarka, ya ba mu ikon riƙe shi da fitar da hakkinsa, ya tsare mu daga rowa da almubazzaranci. Amin.